Kujerar Tsoho Gan

Hankou, 9 ga wata na biyu, shekara ta biyu ta Jamhuriya

Zuwa ga Yaya Yinlan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki durƙusa gaban Inna a madadina, ki ce Autanta yana gaishe ta. Yaya idanun nata? Ko maganin da na aiko ya rage mata hawayen? Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura ta ƙarshen sanyi. Busasshen kifin ya iso. Saiwar badon kuwa ta ruɓe a jirgi, mai kawo saƙon ya ce kwana uku yana zaginki.

Bayan haka, albishirinki. Maigida Tang ya shigar da ni ɗakin ciki. Shekara huɗu ina waje ina goge akwatunan mitar lantarki ina shafa musu fenti, yanzu ni ke buɗe cikinsu. Duk mitar da aka ciro daga wani gida don ta cika sauri ko ta cika nawa, teburina take zuwa.

Bara kin yi mini dariya, kin ce yaya za a auna wutar da ba a gani, ko mudu muke tarawa a ƙarƙashin waya. To ga yadda abin yake. A cikin kowace mita akwai ɗan faifan jan ƙarfe, bai kai tafin hannu ba, yana zaune a kwarmin da aka cika da zaiba, tsakanin haƙoran maganaɗisu. Wutar gidan duka ta cikin zaibar take bi. In aka kunna ƙwan lantarki ɗaya, faifan ya soma juyawa a hankali kamar tsohuwa tana niƙa. In aka kunna goma, sai ya ruga. Juyin nasa ke tura allurai irin na agogo a fuskar akwatin. Aikina in zazzage tsohuwar zaibar, in tace ta da fata, in busar da ita a kan kaskon gawayi, in mayar. Sannan in jera mitar da wata da muke kira uwar mita, wadda ba ta kuskure, in kunna ƙwai goma, in ƙirga juyi da agogo a hannu har bakinsu ya zo ɗaya.

Ɗakin ƙarami ne, an liƙe tagoginsa da takarda, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana iya tsayar da faifan. Ɗumi gare shi kamar cikin bargo. Zaibar kuwa, Yaya, ba ki taɓa ganin abu mai kyanta ba. In ta zube ba ta jiƙa komai, sai ta watse 'yan dunƙule-dunƙule masu ƙyalli, su shige tsagar katako su ɓace.

Kujerar Tsoho Gan aka ba ni. Kin tuna shi, wanda ya koya mini riƙon hantsaki. Ya bar aiki kafin sanyi, ya rasu a wata na sha biyu. A kogi aka tsamo shi, ƙasa da tashar jiragen gishiri.

Ki gaya wa Inna zan zo bikin wata na takwas in an ba ni hutu.

Ƙanenki,
Tingfu


Baisha, 1 ga wata na uku

Auta,

Muna gaishe ka, muna lafiya. Idon Inna na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama yana rarrabe haske da inuwa. Amma cin abinci sai ka ce mai noma.

Na karanta mata wasiƙarka sau uku, ta sa na bi ta gidan mai awara na sake karantawa a can. Yanzu duk Baisha an san ɗanta yana auna walƙiya da agogo. Ni dai ban gaya musu kai ne ka fasa mana tulu biyu a rana ɗaya ba, yanzu wai kai aka danƙa wa abin da ƙwayar ƙura ke tsayarwa.

Inna ta karɓi takardar tana shafawa, ta ce ko rubutunka har yanzu irin na Baba ne. Na ce irin nasa ne sak, na zamanin da yake koyar da yara, kafin giya ta cinye masa hannu. Nan take na yi da-na-sanin faɗa.

Amma tsaya. Mutumin da ka cika mana kunne da shi shekara huɗu, Tsoho Gan ya ce, Tsoho Gan ya yi, shi ne ka binne a layi uku? Me ya raba shi da aikin? Me ya kai shi kogi cikin sanyi? Tunda kujerarsa kake zaune, ka ƙona masa turare da kuɗin takarda na mamata. Ba a hawa gurbin mutum ba sallama.

Batun saiwar bado, ka ce wa ɗan saƙon nan hancinsa ne ya ruɓe.

Yayarka,
Yinlan


Hankou, 20 ga wata na biyar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. A gaishe da Inna. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, zafi ya shigo, manyan gidaje sun saka fanka, mitoci sai zuwa suke kamar kifin damina. Lafiyata da sauƙi. Dasashina ne ke ɗan jini in na ci abu mai tauri, kuma barci ya ragu. Kada ki kula da rubutun, teburin nan ne ƙafarsa ɗaya gajera.

Tun safe har faɗuwar rana ni da farin ruwan nan muke. Ɗanɗanonsa ba ya barin bakina, ko shinkafa na ci shi nake ji.

Akwai abin da nake so in gaya miki, kada ki karanta wa Inna. Na zama wani irin mutum. Ba na iya aiki in wani ya tsaya a bayana. Makon jiya Maigida Tang ya shigo da baƙo daga kamfanin lantarki ya ga yadda muke gwaji. Suna tsayawa sai fuskata ta ɗauki zafi, zufa ta keto, ƙaramin noti ya kuɓuce daga hantsakina sau uku. Baƙon ya ce, «Sannu a hankali, ba gudu muke ba.» Ban san lokacin da na daka masa tsawa na ce ya fita ba. Ni, Yaya, da ko kaza ban taɓa kora da ƙarfi ba. Bayan sun fita na zauna ina kuka kamar yaro, ban san dalili ba.

Ga na biyu. Kowace mita muka gama, muna ɗaura mata 'yar takarda mai ranar gwaji da yawan juyi. Shekaranjiya da tsakar rana na ɗauko wata daga kan kanta, na ga takardarta da rubutun Tsoho Gan. Na san rubutunsa na ƙarshe-ƙarshe, kowane layi da 'yan haƙora kamar zarto. Na ce ashe akwai sauran nasa da ba a mayar ba. Sai na duba ranar. Sha huɗu ga watan nan. Wata biyar ke nan da binne shi.

Na daɗe tsaye kafin na gane ni na rubuta ta.

Na ƙona turaren da kika ce.

Tingfu


Baisha, 8 ga wata na shida

Tingfu,

Muna lafiya. Inna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba don raina a ɓace yake.

Farin ruwa! Har sunan da Baba yake kiranta da shi ka ɗauko, don kada a ce giya. Kai da farin ruwa tun safe har faɗuwar rana, ɗanɗanonsa ba ya barin bakinka. Rabin wasiƙar taka da kyar na tsinto kalmomin, amma wannan layin na karanta shi sarai. Kuma wai teburi ne ke da gajeriyar ƙafa. Ni za ka gaya wa? Kana ɗan shekara shida lokacin, ni ina da sha huɗu. Ni nake riƙe masa kwano in zai sha ruwa. Ni na ga ya daka wa iyayen ɗalibansa tsawa, sannan ya zauna a bakin ƙofa yana kuka. Ni nake kwafe masa rubutu da hannuna don kada a gane, har ranar da aka gane. Rawar hannu, tsawa, kuka, rashin barci, wanne ne ban gani ba?

Ban karanta wa Inna ba. Na riƙe takardar a gabanta na ƙirƙiro mata wata, na ce ka yi ƙiba, maigidanka ya yaba maka gaban baƙo. Ta yi ta murmushi. Ka sa na yi wa makauniya ƙarya, wannan ba zan manta maka ba.

Mamaci ba ya rubutu, Auta. Mashayi ne ke manta abin da ya rubuta. Ka rantse mini da kabarin Baba ka bar ta. In ba za ka rantse ba, kada ka zo bikin wata na takwas. Inna ba ta gani, amma tana jin wari, kuma sau ɗaya ya ishe ta a rayuwa.

Yinlan


Hankou, 25 ga wata na shida

Yaya,

Ina gaida Inna. Ke ban san ko in gaishe ki ba.

Na yaga takarda huɗu kafin wannan. Ta farko zagi ce zalla. Farin ruwa zaiba ce, zaiba, haka muke ce mata a shago. Na rantse da kabarin Baba, tun da na zo garin nan giya ba ta taɓa leɓena ba, kin kuma san dalili. Amma na gode da kika nuna mini matsayina a wurinki.

Kin tambaye ni me ya raba Tsoho Gan da aikin, na ƙi amsawa. Ni ne.

Bara hannunsa ya soma rawa. Yana riƙe wuyan hannun dama da na hagu in zai ɗaura noti. Ya daina cin abinci tare da mu, ya koma bayan ƙofa shi kaɗai. Mitocinsa suka soma dawowa, ana cewa ba daidai suke ba. Kowa ya ce sha yake yi a ɓoye. Wata rana Maigida Tang ya kira ni ya ce, «Kai ne ke kusa da shi, gaya mini gaskiya.» Na ce hannunsa ya mutu, ba ya iya ƙirga juyi, ni nake ƙarasa masa. Gaskiya na faɗa. Amma na san kujerar wa za a ba ni tun kafin in buɗe baki. Shekara sha tara ya yi a ɗakin. Da zai tafi ya miƙa mini hantsakinsa ya ce, «Riƙe, ya fi naka baki.»

Bayan an sallame shi, sau uku na hango shi da rana tsaka a tsallaken titi, jikin shagon mai shayi, yana kallon ƙofarmu. Bai tsallako ba. Duk ukun na ja da baya na shige ciki. Kwana tara bayan na ukun aka tsamo shi.

Yanzu ki saurara. Jiya na ga hannuna na hagu ya kama wuyan na dama, ban sa shi ba. Na koma cin abinci bayan ƙofa, a daidai inda yake zama. Miyau yana taruwa a bakina sai na riƙa tofarwa a gwangwani, gwangwaninsa ne, yana nan ƙarƙashin tebur. Haƙorina na ƙasa ya fita, ba ciwo, a cikin loma. Shi ma ta nan ya fara. Idan na kunna ƙwan gwajin nan goma, ɗakin ya ɗauki haske, faifan ya soma juyawa, sai in ji ana ƙirgawa tare da ni daga bayan kafaɗata, a hankali, ana ɗan riga ni. In na juya, bango ne.

Ba tsorata ni yake yi ba, Yaya. Shiga yake yi, gaɓa gaɓa, kamar mai saka riga. Na kai masa naman alade da turare har bakin kogi, na roƙe shi gafara da ƙarfi mutane suna kallona. Bai karɓa ba.

Ba zan zo bikin ba. Ki ci gaba da gaya wa Inna na yi ƙiba.

Tingfu


Baisha, 3 ga wata na tara

Autana, ƙanena,

Ina gaishe ka da hannu biyu. Muna raye duka. Kogin Han ya fasa ganuwa a wata na bakwai, ruwa ya kai ƙugu a tsakar gida, mun yi kwana ashirin a kan tudu da Inna da awaki. Jirgin wasiƙu bai zo ba sai shekaranjiya. Wasiƙarka ta yi wata biyu a hanya. Wata biyu kana can kana zaton na karanta duk wannan na yi banza da kai.

Ka yafe mini. Zan roƙe ka da kyau in mun haɗu, yanzu ba lokaci. Karanta wannan a tsanake.

Da ruwa ya janye, dattawa suka ɗauko wani mai shafa zinariya daga Xiantao ya gyara babban kaskon turaren haikali. Gidanmu aka ce ya riƙa kai masa abinci. Rana ta farko na miƙa masa kwanon miya, ya ce in ajiye a ƙasa in juya baya. Na ce a raina ga wani mashayin. Na saci kallonsa, hannun hagu riƙe da wuyan na dama, bakinsa ba haƙori ko biyar, ga shi bai fi arba'in ba. Lokacin wasiƙarka ba ta iso ba, ban kawo komai a raina ba.

Shekaranjiya na karanta ta a tsaye a bakin jirgi, ban koma gida ba, haikali na nufa da gudu. Na ce, «Malam, don girman iyayenka, me ya sami hannunka?» Ya ce, «Ke kuma ina ruwanki?» Na ce ƙanena ne. Sai ya nuna mini wata 'yar kwalba. Ashe cikin zaiba suke narka zinariyar, su shafa a jikin tagulla, su gasa da gawayi, zaibar ta tashi ta bi iska, zinariyar ta zauna. Ya ce, «Tana tashi ko ba ka ga hayaƙi ba. Mu muke shaƙa. Ubana ya yi rawar nan, wanda ya koya wa ubana ma ya yi. Da farko dasashi, sai kunyar mutane, sai fushi, sai ka fara jin ana magana.» Na ce ƙanena a ɗaki yake yi, an liƙe tagogi, yana busar da ita a kan kasko. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, karo na farko da ya dubi idona. Ya ce, «Mu a fili muke yi, muna ba iska baya, ga yadda muka ƙare. A ɗaki? Wata nawa?» Na ce bakwai. Ya ce, «Aika masa yau. Ya fito ko takalmi bai ɗauka ba.»

Ka ji ko? Ba Tsoho Gan ne ke shigarka ba. Abin da ya shige shi ne yake shigarka, daga kwarmi ɗaya, a kujera ɗaya. Shi ma ba mashayi ba ne, kamar yadda kai ba mashayi ba ne.

Abin da ka faɗa wa maigidanku, ba zan ce maka ba laifi ba ne. Amma ba da hannunka za ka biya shi ba. Ka fito daga ɗakin nan. Akwai shinkafa a gidan nan ko bayan ambaliya, mijina ya ce injin matsar mansa yana neman mai basira.

Yayarka mai saurin baki,
Yinlan


Baisha, 6 ga wata na goma

Auta,

Gaisuwa. Inna lafiya, tana tambayarka kullum.

Wata guda ke nan ba amsa. Jirgi ya zo sau huɗu, duk huɗun ina tasha. Ban sani ba ko wasiƙata ta same ka, ko ta same ka ka yaga don fushi, ko hannun ne ya ƙi alƙalami. Na daina iya kallon kogi.

In ba ka iya rubutu, ka sa wani ya rubuta. Ko layi ɗaya. In jirgin ƙarshen wata ya zo babu komai, zan bar yara wurin surukata in taho Hankou, in bi shago shago ina kiran sunanka na yarinta har ka fito don kunya.

Yinlan


Hankou, 19 ga wata na goma

Zuwa ga Yaya Yinlan,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara, da Inna a kan gaba. Kada ki tsorata da ganin baƙon rubutu. Mai rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin gidan waya, ni nake faɗa yana rubutawa. Na sa ya juya teburinsa ya fuskanci bango. Ina raye, ina tafiya da ƙafata.

Wasiƙunki biyu sun same ni. Ta farkon na karanta ta na tura ƙarƙashin tabarma, na ci gaba da zuwa aiki har mako uku. Ban so in yarda ba. In Tsoho Gan ne, akwai wanda zan roƙa. In zaiba ce, wa zan roƙa?

Daga baya na nemi gidansa. Matarsa tana nan a wani lungu bayan ma'aikatar ashana, tana liƙa akwatuna. Ban san da wace fuska zan shiga ba. Tun kafin in faɗi sunana ta dubi hannuna ta ce, «Kai ne na kujerar.» Na durƙusa na gaya mata abin da na faɗa wa Maigida Tang. Ba ta daina liƙi ba. Ta ce, «Ya sani. A ranar ya sani.» Na ce to shi ya sa yake zuwa ya tsaya a tsallaken titi, don in gan shi in ji kunya. Sai ta ajiye akwatin. Ta ce bayan an sallame shi ta kai shi wurin wani mai magani, mutumin ya duba bakinsa ya ce zaiba ce. Tun ranar ba shi da magana sai taka. Ya ce yaron nan zai shiga ɗakin, dole a gaya masa. Sau uku yana saka rigarsa ta fita ya tafi. Sau uku yana dawowa ya ce ya kai bakin titi, ya tuna in ya shiga duk za su ɗago su kalle shi, ƙafarsa ta ƙi. Hannunsa kuma ba ya rubutu. Ta ce, «Na ce bari in je ni, ya ce a'a, gobe zai iya.»

Yaya, da na tsallaka titin nan sau ɗaya. Taku ashirin ne.

Washegari na gaya wa Maigida Tang komai. Ya saurara har ƙarshe, ba mugun mutum ba ne. Ya ce waɗanda suka ƙera mitar ba su rubuta haka a littafinta ba, kuma in aka buɗe taga ƙura za ta kashe masa aiki. Sannan ya ce dama yana so ya yi mini magana, mitocina sun soma dawowa. Tun watan jiya ya kawo wani mai suna Kuang daga ma'aikatar tarago, wai ya taya ni. Kuang ɗin ne ya gaya masa hannuna ya mutu. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan.

Na ja Kuang gefe na nuna masa bakina da hannuna. Ya ce, «Ɗan'uwa, 'ya'yana huɗu. An sallame ka, na ji ba daɗi, amma kada ka tsorata ni da tatsuniya don in bar maka kujera.» Na ce ba kujerar nake so ba. Ya ce, «Kowa haka yake cewa.» Na koma na yage takardar tagogin duka biyu da hannuna, iska ta shigo ɗakin karo na farko cikin shekara ashirin. Kafin in kai ƙofar waje na ji Maigida yana aike a sayo wata.

Na bi Kuang a baya na ga gidansa. Kwana biyu ina zuwa bakin lungun ina komawa, mata suna zaune a ƙofa, na kasa wucewa ta gabansu. Rana ta uku na rufe ido na wuce. Na miƙa wa matarsa wasiƙarki, wadda kika ba da labarin mai shafa zinariya a cikinta, na ce ta sa a karanta mata. Takardar tana kaɗawa a hannuna kamar ganye. Ba takardar ta kalla ba, hannun ta kalla, ta daɗe. Ta karɓa ta tura cikin riga. Iyakar abin da na iya ke nan. Jiya na ga Kuang ya wuce aiki da ƙunshin abincinsa.

Na je asibiti. Likitan ya ce wata rawar za ta tafi in na yi nisa da ɗakin, wata ƙila ta zauna, bai san wacce ba. Ƙirgen da nake ji a bayana bai daina ba tukuna, ko da yake yanzu babu abin da ke juyawa a gabana.

Zan shiga jirgin ashirin da biyar ga wata, in ruwa ya yi kyau mu iso ranar ashirin da tara. Ga abin da nake roƙo. Ki zo tasha ke da maigidanki kawai, ban da yara, ban da maƙwabta. Ki gaya wa Inna gaskiya kafin in iso, ki ce ban yi ƙiba ba. In an zauna cin abinci, a ba ni cokali da kwano mai faɗi, a zuba rabi, a bar ni in jingina da bango. In na daka miki tsawa, ba ni ba ne, ki ba ni ɗan lokaci.

Kuma in Inna ta miƙo hannu tana neman nawa, kada ki shiga tsakani. Ki bar ta ta riƙe.

Ƙanenki,
Tingfu